Malamin Jami'a Mai Binciken Ƙwayoyin Halittar Tsirrai: Yadda Aikin Yake a Bauchi

A jami'o'in Najeriya, malamin da ya ƙware a ilimin ƙwayoyin halittar tsirrai ana ɗaukarsa ne a kan manyan ayyuka biyu da ke cikin takardar aiki ɗaya: ya koyar da ɗaliban digirin farko, ya kuma gudanar da bincike ya wallafa sakamakonsa. Akwai na uku da ake kira hidimar al'umma, sai dai waɗancan biyun su ne ke cinye makonsa, kuma su ne ke jayayya a kan lokacinsa da ɗakin gwaje-gwajensa. A birnin Bauchi, babbar cibiyar wannan aiki ita ce Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka fi sani da ATBU.

Abin da fannin ya ƙunsa

Kowane tsiro, daga ciyawar bakin hanya har zuwa kuka, an gina shi ne da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani. Turawa na kiran kowane ɗaki sel, a Hausa kuma an fi cewa ƙwayar halitta. Sunan na Hausa yana da 'yar matsala, domin a kafafen yaɗa labarai ana amfani da shi ga ɗakin kansa, ana kuma amfani da shi ga saƙon gado da ke cikin ɗakin. A wannan bayani, ƙwayar halitta na nufin ɗakin, ƙwayar gado kuma na nufin saƙon da 'ya'ya ke gada daga iyaye.

Ƙanƙantar ƙwayar halittar tsiro ta kai a jera goma zuwa ɗari kafin su cika milimita ɗaya. Wanda ya fara bayyana ta a rubuce shi ne Robert Hooke na Ingila, a shekarar 1665, lokacin da ya sa sillen ɓawon wata bishiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato maikuroskof, ya ga ramuka a jere kamar saƙar zuma. A 1838 wani Bajamushe masanin tsirrai, Matthias Schleiden, ya bayyana cewa dukan tsirrai da irin waɗannan ɗakuna aka gina su, a shekarar da ta biyo kuma Theodor Schwann ya faɗi haka game da dabbobi.

Abubuwa uku ne suka fi bambanta ƙwayar tsiro da ta dabba, kuma duk ukun Bahaushe na taɓa su kullum. Na farko katanga ce mai tauri da ta kewaye ƙwayar. Kowane silin auduga da ake kaɗawa ƙwaya ɗaya ce tak da ta miƙe ta yi tsawo, kuma kusan katangarta ce kawai ta rage. Na biyu wata jakar ruwa ce da ke mamaye cikin ƙwayar. Idan ta cika ganye ya miƙe, idan ta ragu ya yi yaushi, kuma a cikinta jan launin zoɓo yake. Na uku su ne korayen ɗigo da ake kira kuloroflas, inda tsiro ke haɗa sukari daga hasken rana da ruwa da iskar kabon. Duk hatsin da ke rumbu daga nan ya faro.

Masanin wannan fanni yana tambayar yadda ƙwayar ke rabuwa biyu, yadda take karɓar saƙo daga maƙwabtanta, yadda take jure ƙishirwa da zafi, da yadda take kare kanta daga cuta. Yana tsakanin mai nazarin tsirrai a daji da mai ƙirƙiro sabon iri a gonar gwaji, kuma dukansu biyu suna buƙatarsa.

Jami'ar da muhallinta

An kafa jami'ar a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Bauchi, ta kuma karɓi ɗalibanta na farko a 1981. A 1984 gwamnatin soja ta mayar da ita kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a 1988 ta sake tsayawa da ƙafafunta da sunan da take amsawa yanzu. Tana da mazauni biyu, na Yelwa a kan hanyar Dass da na Gubi a kan hanyar Ningi. Wanda aka sa mata sunansa, firaministan Najeriya na farko, shi kansa malamin makaranta ne: ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta kafin siyasa ta ɗauke shi.

Kasancewarta jami'ar da aka gina a kan fasaha ya shafi aikin malamin kimiyya kai tsaye. An san ta da digirin fasaha na shekara biyar, wanda ya haɗa da watannin koyon aiki a masana'antu ko cibiyoyin bincike, kuma tunanin da aka kafa ta a kansa shi ne ilimi ya kasance mai amfani a aikace. Saboda haka masanin ƙwayoyin tsirrai a nan ba ya rasa alaƙa da tsangayar aikin gona, inda ake nazarin amfanin gona, da kuma tsangayar da ke horar da malaman kimiyya na sakandare. Ban da ATBU, jihar na da jami'arta da aka buɗe a Gaɗau a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Abubakar Tatari Ali a cikin birnin, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare. Dukansu na ɗaukar malaman ilimin halittu.

Ta fuskar tsirrai, jihar Bauchi wuri ne mai albarka ga mai bincike. Kudancinta, wajen Dass da Tafawa Balewa da Bogoro, ya fi samun ruwa, ana noma masara da shinkafa da acca. Arewacinta, wajen Katagum da Gamawa, ƙasar gero da wake ce mai ƙarancin damina. A tsakani ga dawa da gyaɗa, ga kuma dajin Yankari da na Lame-Burra masu tarin itatuwan da ba a gama nazarinsu ba. Cikin tafiyar yini ɗaya malami zai iya ɗebo samfurin tsiro ɗaya daga yanayi biyu mabambanta.

Hanyar shiga da matakan girma

Hanyar na farawa daga sakandare, da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da ilimin halittu da kimiyyar sinadarai, sai jarrabawar JAMB. Bayan digirin farko a ilimin tsirrai ko wani reshe na ilimin halittu da shekarar bautar ƙasa, wanda ya fita da daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu zai iya samun gurbin mataimakin malami, wanda shi ne matakin ƙasa. Daga nan sai digiri na biyu, sannan digirin digirgir, wanda ba a zama babban lakcara sai da shi.

Matakan bakwai ne: mataimakin malami mai digirin farko, mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, lakcara mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sai farfesa. A al'adar jami'o'in tarayya, ana shafe aƙalla shekara uku a mataki kafin a nemi na gaba, don haka wanda ya faro daga ƙasa yana fuskantar kusan shekara 18 idan komai ya tafi daidai, kuma ba kasafai komai ke tafiya daidai ba. A matakai biyu na ƙarshe, ana aika rubuce-rubucen malami ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance ba tare da ya san su wane ne ba. Dokar da aka sanya wa hannu a 2012 ta sa shekarun ritayar masu matsayin farfesa 70, sauran ma'aikatan jami'a kuma 65.

Mafi yawan malaman wannan fanni suna yin digirinsu na biyu da na uku ne suna cikin koyarwa. Wannan yana nufin mutum ɗaya ɗalibi ne da yamma, malami da safe, kuma jami'in jarrabawa ko mai kula da rajistar wani aji a tsakani.

A cikin aji

Babban nauyin koyarwa yana aji ɗaya ne. Darasin ilimin halittu na shekarar farko ba na 'yan sashen kaɗai ba ne. Masu shirin karatun likitanci da aikin gona da koyar da kimiyya da sauran fannonin kimiyya duk suna ɗaukarsa, don haka a jami'o'in gwamnati ɗalibai ɗaruruwa ke taruwa a zaure ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 20 a fannin kimiyya. A darussan gama-gari na aji ɗaya, wannan lissafi a takarda kawai yake. A manyan azuzuwa ne adadin ke raguwa, inda ake shiga darussan ƙwayoyin halitta, da tsarin cikin jikin tsiro, da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, da ilimin gado. A Disambar 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ga malami a Bauchi, wannan gurbi ne da zai iya shigar da dawa da gero da acca cikin darasi maimakon misalan littattafan ƙetare.

Inda fannin ke shiga zuciyar ɗalibi shi ne ɗakin gwaje-gwaje, kuma abin sha'awa shi ne gwaje-gwajen farko ba su da tsada. Ana sille siririyar fatar cikin albasa, a ɗiga mata aidin, a sa a ƙarƙashin madubi, sai ɗalibi ya ga ƙwayoyin a jere kamar tubalan gini, kowace da cibiyarta. Idan aka ɗiga ruwan gishiri, zai ga cikin ƙwayar ya tsuke ya janye daga katanga, wanda shi ne bayanin abin da ke faruwa da shuka idan taki ya yi mata yawa ko ƙasa ta yi kanwa. Ana shafa man farce marar launi a bayan ganye, ya bushe a ɓare, sai a ga hoton ƙofofin numfashin ganyen har a ƙirga su. Ana kuma ɗora albasa a bakin kofin ruwa ta fitar da saiwa, a yanke kan saiwar, a tausasa shi da ruwan asid, a rina, a danne shi a gilashi, sai ga ƙwayoyi a tsakiyar rabuwa, da zaren gado da ake kira kuromosom a bayyane. Albasa na da 16, gero 14, dawa da masara 20 kowanne, wake 22, gyaɗa 40, ɗan Adam kuma 46.

Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya taɓa ƙirga waɗannan zaruruwa da idonsa ya daina ɗaukar ilimin gado a matsayin abin haddacewa. Matsalar ita ce gwajin da ke buƙatar albasa ɗaya yana kuma buƙatar madubi mai aiki ga kowane ɗalibi biyu ko uku, da wuta, da ma'aikacin fasaha da ya san aikinsa. Idan ɗalibai sun yi yawa sai a kasa su rukuni-rukuni, malami ya maimaita gwaji ɗaya sau da dama a mako. Inda aka gaza, sai a koma zana ƙwayar a allo, ɗalibai su kwafa. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 don tantance bukatun jami'o'in gwamnati, wanda Farfesa Mahmood Yakubu, ɗan asalin jihar Bauchi, ya jagoranta, ya ba da rahoton ɗakunan gwaji da ake amfani da risho a madadin murhun gas na kimiyya, ya kuma gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malaman ke da digirin digirgir.

Akwai kuma batun harshe. Da Turanci ake koyarwa, kalmomin fannin kuma yawancinsu daga Girkanci da Latin suke. Malamai da dama a Arewa kan sauka zuwa Hausa idan bayani ya cije, musamman a ɗakin gwaji. Sunayen tsirrai ba sa wahala, domin Hausa na da su jingim. Tun 1916 wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya tattara su a littafi, ya haɗa kowanne da sunansa na kimiyya. Sassan cikin ƙwayar ne har yanzu ba su da sunayen da kowa ya amince da su.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi na yin ƙaramin bincike a ƙarƙashin kulawar malami. A nan ne ayyukan malamin biyu ke haɗuwa. Mai tsari kan raba babbar tambayarsa gida-gida ya bai wa ɗalibai: wannan ya ƙirga ƙofofin ganye a nau'o'in dawa biyar, wancan ya gwada tasirin maganin feshi ko ruwan kwata a kan rabuwar ƙwayoyin saiwar albasa, gwajin da aka san shi tun 1938 kuma har yau ake amfani da shi wajen gano guba a ruwa. Daga irin waɗannan ƙananan ayyuka ake samun maƙalar da za a wallafa, daga cikin ɗaliban kuma ake gano wanda zai gaji malamin.

Tambayoyin da gona ke kawowa

Babu misalin da ya fi nuna amfanin fannin ga manomin Bauchi kamar ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Manomi na ganinsa ne lokacin da ya fito da furensa mai launin shunayya a gindin dawa ko gero ko masara, amma kafin nan ya riga ya yi ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa. Tsiro ɗaya na zubar da dubban ɗaruruwan iri ƙanana kamar ƙura, ko aƙalla dubbai masu yawa, kuma irin na iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da ya ji sai ya tsiro, ya fitar da wata gaɓa da ke huda ƙwayoyin saiwar, ta haɗe da jijiyoyin ruwa na dawar ta riƙa zuƙa.

An fara ware wannan sinadari a 1966 daga saiwar auduga. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: me zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da ke kiran maƙiyinsa? A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa saiwar na fitar da shi ne don ta jawo wasu funfuna masu amfani na cikin ƙasa, waɗanda ke taimaka mata samun sinadarin fosfet, daga baya kuma aka gano tana ƙara fitar da shi idan ƙasa ta rasa abinci. A 2008 aka tabbatar da cewa sinadarin na daga cikin masu sarrafa rassan tsiron kansa. Wannan ya ba da dalilin abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa ƙuduji ya fi tsanani a gonar da ta gaji, takin gargajiya kuma na rage shi. Ya kuma bayyana hikimar shuka waken soya ko auduga ko gyaɗa a gonar da ta kamu: saiwarsu na tayar da irin ƙudujin hatsi, ya tsiro ya rasa inda zai kama, ya mutu.

Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka, ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2009 saboda nau'o'in dawa masu jure fari da ƙuduji, a 2017 kuma tawagarsa ta bayyana ƙwayar gadon da ke sauya irin sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa ta yadda ƙudujin ba ya jinsa sosai. Wake ma yana da nasa ƙudujin daban, kuma a wani nau'in wake da aka samo daga Botswana an ga wata dabara ta dabam: ƙwayoyin saiwar da ke kewaye da wurin hudar suna mutuwa nan take, maharin ya rasa abin kamawa. Duk waɗannan abubuwa a matakin ƙwaya suke faruwa, kuma tantance nau'o'in gida don gano masu irin wannan kariya aiki ne da za a iya fara shi da tukwane da faranti da madubi.

Tambaya ta biyu ita ce juriyar fari. Idan aka yanka ganyen dawa ko gero ko masara ko acca aka duba, za a ga zoben manyan ƙwayoyi korra sun kewaye kowace jijiya, abin da babu irinsa a ganyen shinkafa ko alkama ko wake. Wannan zobe ne ke bai wa tsiron damar tara iskar kabon a wuri ɗaya, don haka yana haɗa abinci ko da ya tsuke ƙofofin ganyensa don tattalin ruwa. Masana biyu a Ostireliya, Hatch da Slack, suka fayyace tsarin a 1966. Ƙofofin kansu kowace ƙwayoyi biyu ne ke gadinta, suna kumbura ta buɗe, suna saki ta rufe, bisa saƙon da tsiron ke aikawa idan ƙasa ta bushe. Naɗewar ganyen dawa da tsakar rana ma aikin wasu ƙwayoyi ne na musamman da ke saman ganyen. A yankin da damina ke yawan yankewa a tsakiya, sanin nau'in da ya fi iya wannan tattali ba ƙaramin abu ba ne.

Renon tsiro a kwalba

Reshen fannin da ya fi jan hankalin ɗalibai shi ne renon tsiro daga 'yar tsoka a cikin kwalba. Tun 1902 Gottlieb Haberlandt ya yi hasashen cewa ƙwaya ɗaya ta tsiro na ɗauke da duk abin da ake buƙata don gina cikakken tsiro. A 1958 aka tabbatar da haka da karas a Amurka, a 1962 kuma Murashige da Skoog suka fitar da haɗin abincin da har yau mafi yawan ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Amfaninsa a fili yake: daga kan toho ɗaya za a iya samun dubban dashe iri ɗaya, kuma idan an ɗauko daga can ƙurewar kan tohon, galibi ana samun tsiro marar cutar bairos. Da wannan ake tsabtace irin rogo da ayaba da rake da dankalin Turawa.

A kan wannan fasaha aka gina waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Wake na cikin tsirran da suka fi ƙin sake tsirowa daga tsoka, sai a 2006 masana a Ostireliya suka samo hanyar da ta yi aiki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, ta ɗauki aikin ta shigar da halin cikin irin da manoma suka sani. Hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2015, ta amince da shi a farkon 2019, aka kuma sake shi ga manoma a ƙarshen shekarar. Muhawara kan irin da aka sauya wa ƙwayar gado ba ta lafa ba a Najeriya, kuma malamin wannan fanni na cikin 'yan ƙalilan da za su iya yi wa jama'a bayanin abin da aka sauya da abin da ba a taɓa ba.

Sai dai wannan reshe ne ya fi nuna tsadar aikin. Dole a dafa abincin da kayan aiki a zafin digiri 121 na kimanin minti 15 zuwa 20 don kashe ƙwayoyin cuta. Wasu kan yi amfani da tukunyar matsi ta girki idan na'urar ta lalace, kuma tana yi. Dole a yi dashen a cikin akwatin iska mai tsabta. Dole ɗakin reno ya zauna a wajen digiri 25, da hasken fitila na awa 16 a kullum, a garin da zafin bazara ke kusantar digiri 40. Ɗaukewar wuta ta kwana biyu na iya kashe aikin wata shida. Sinadaran kuma daga waje ake shigo da su da dala, farashinsu ya yi tsalle tun bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Shi ya sa masu bincike da dama a Arewa maso Gabas kan shirya samfuransu a gida, su kai Samaru, ko tashar Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, da ke Kano, ko hedkwatarta a Ibadan, don kammala matakan da ke buƙatar manyan na'urori.

Kuɗi, lokaci da ma'aunin ƙarin girma

Babbar majinginar malamin ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilimi na 1993. Kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni yake fitowa, wanda ya faro da kashi 2 cikin ɗari, ya kai kashi 3 a 2023. Asusun na ɗaukar nauyin karatun malamai, da ƙananan bincike a cikin makarantu, da manyan bincike da ake gasa a kansu a matakin ƙasa, ban da gine-gine da kayan aiki. A ƙarshen 2024 ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsada da kuma ƙin dawowar wasu, abin da ya ƙara wa ɗakunan gwaji na cikin gida nauyin horar da masu digirin digirgir.

Lokaci ma na da nasa lissafin. Mai binciken amfanin gona yana bin kalandar damina, jami'a kuma na bin kalandar zango, kuma ba kullum suke jituwa ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya kai wata tara, na 2022 kuma ya faro daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Bayan kowane dogon yaji, ana matse zangunan karatu don a cike giɓi, kuma abin da ke fara faɗawa cikin matsin shi ne gwaje-gwajen aji da hutun da malami ke yin bincikensa.

Abin da ya fi dacewa a duba da idon basira shi ne ma'aunin ƙarin girma. A takardun tantancewa, yawan maƙalu da darajar mujallun da suka buga su ne ke ɗauke da maki mafi tsoka. Malamin da ya shafe zango yana maimaita gwajin albasa ga rukuni takwas bai samu abin da zai rubuta a wannan takarda ba, alhali abokinsa da ya taƙaita darasi ya zauna rubutu ya wuce shi. Tsarin ya kuma buɗe kasuwa ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba, har jami'o'i da dama suka koma neman a wallafa a mujallun da ke cikin sanannun rumbunan duniya. Waɗancan kuma sukan nemi kuɗin bugawa da dala, su nemi sakamakon na'urorin da malamin ba shi da su. Ƙungiyoyin masana na cikin gida, irin su ta masana tsirrai da ta masana ilimin gado ta Najeriya, na rage kaifin matsalar da tarukansu na shekara-shekara da mujallunsu, inda ƙaramin malami ke fara gabatar da aikinsa ya kuma samu abokan haɗin gwiwa.

Inda ɗaliban ke zuwa

Kaɗan ne daga cikin waɗanda suka zauna a gaban malamin ke zama masu bincike. Wasu na shiga cibiyoyin binciken noma da kamfanonin iri da hukumomin kula da ingancin abinci da muhalli da gandun daji, wasu na komawa fannin lafiya, wasu na barin kimiyyar baki ɗaya. Kaso mai yawa kuwa na ƙarewa ne a azuzuwan sakandare na jihohin Bauchi da Gombe da Yobe da Jigawa da Filato, a matsayin malaman ilimin halittu, tun daga shekarar bautar ƙasa. A jarrabawar WAEC da ta NECO akwai takardar gwaji a aikace, inda ake bai wa ɗalibi samfuri ya duba, ya zana, ya sanya sunaye, kuma waɗannan malamai ne ke shirya yara a kanta, sau da yawa a makarantar da madubinta ɗaya ne, yana kulle a ofishin shugaban makaranta.